Keken da Ya Gaji Turken Jaki

A garinmu, Tungar Korau, gidan ƙanwata Gwamma ne na ƙarshe in za ka fita ta yamma. Mutum uku ne a ciki: ita, da autanta Nomau, da matarsa Lantana. Na huɗunsu jaki ne. Nomau ƙato ne, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya ne. Abin da ka gaya masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya tsaya nan ka manta da shi, in ka dawo a nan za ka same shi. Jakin kuwa, ba wanda ya kai shi iya kiwonsa. Ya shayar da shi, ya kai shi inuwa, ya yanko masa ciyawa, har hira yake yi masa.

Ni kawunsa ne. Gyaran keke nake yi a gindin tsamiyar bakin hanya, kuma a kan kekunan mutane da ake kawo mini ya koyi hawa.

A bazarar bara waccan Nomau ya sami aikin ban ruwa a lambun Malam Cindo, can bakin dam, inda ake renon dashen mangwaro da gwaiba. Tafiyar awa biyu ce a ƙafa. Malam Cindo mutum ne mai agogo. Ya ce dashe ba ya son ruwa in rana ta yi zafi, ƙarfe bakwai za a kama aiki, kuma wanda ya makara sau uku a watan farko ya koma gida. Akwai ma wani Ɗanliti mai babur da ke jiran gurbin. Gwamma ta yi kwana biyu tana tunani, sannan ta sayar da jakin don a sayi keke. Nomau ya yi kuka har da majina.

Ta ce, "Yi mini shiru. Amma ka sani, in aikin nan ya kuɓuce, ba jaki ba aiki, sai mu zauna mu yi ta kallon juna."

Wata rana, ran kasuwar Sabon Fegi, ya shirya zuwa sayen keke. Ƙafata ta kumbura, ban iya raka shi ba. Na ce, "Kada ka duba fenti. Kada ka sayi keke sai ka hau ka gwada shi a tudu da gangara." Ya ce to. Ya je rumfar Tunau dillali, ya nuna wani baƙin keke na hannu, ya ce zai gwada. Tunau ya ce bismilla, yana zaton zagaya rumfa zai yi. To Sabon Fegi shimfiɗe take kamar tabarma, ko jujin kirki babu. Tudun da Nomau ya sani shi ne na Dutsen Gwanki, mil bakwai daga kasuwa. Can ya nufa. Tunau ya ga keke ya wuce 'yan tumaki, ya wuce masu tukwane, ya hau titi. Ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu. Masu kaji suka bar kaji, mahauta suka fito da wuƙaƙe, aka bi hanya har aka gaji aka dawo. Ana zaune ana ba Tunau haƙuri, wajen azahar, sai ga Nomau ya dawo jiƙe da gumi ya jingine keken a inda ya ɗauka.

"A tudu yana da kyau," in ji shi. "A gangara ma haka. Bari in gwada wancan ja."

Tunau ya rungume jan keken da hannu biyu. "Don girman Allah ɗauki baƙin nan ka tafi. Na ƙara maka famfo kyauta."

Da ya kawo na duba. Keke ne na gaske, ƙarfen da. Ban yaba a gabansa ba.

Wata rana, ana gobe zai fara aiki, ya turo shi wurina. Na sa shi ya tsaya a gefensa, na ɗaga sirdi daidai ƙugunsa na ɗaure, na miƙe kan keken, na ɗame sarƙa. Na ba shi gwangwanin baƙin mai na ce, "Duk abin da ke motsi a jikin keken nan ka sa masa mai." Ya tafi gida ya zauna a tsakar gida yana taɓa kowane abu. Sarƙa na motsi, ya sa. Feda na motsi, ya sa, har inda ake ɗora ƙafa. Ƙararrawa ya cika ta har ta daina ƙara. Ya matsa birki ya ga robobin suna motsi, ya shafe su tas, ya bi bakin ƙarfen taya ya shafe. Man ya ƙare, ya shiga ɗakin Lantana ya ɗauko kwalbar man gyaɗarta ya ƙarasa. Ta ce da ta fito ta tarar yana shafa wa gwiwoyinsa, wai shi ma a jikin keken zai riƙa motsi.

Hanyar lambu kuwa ƙarshenta gangara ce har ruwa. Bakwai saura kwata Malam Cindo na tsaye a ƙofa da agogonsa, sai ga Nomau kamar an harbo shi, ƙafafu a sama, yana matse birki birki na dariya.

"Ina kwana, Malam!" ya ce, ya wuce.

Masunta ne suka tsamo shi, sannan aka shiga laluben keke. Kafin a gama takwas ta gota.

Nomau ya ce, "Malam, ai na iso da wuri. Tsayawa ce ban yi ba."

Malam Cindo ya ɗaga yatsa. "Ɗaya."

Da kananzir na wanke robobin. In an bi ta gaskiya bakina ne ya jawo.

Wata rana wata tsohuwa ta kawo wa Gwamma ƙara, wai ɗanta ya yi keke ya wuce ta da ƙararrawa ko saukowa bai yi ba. A wurinmu abin kunya ne mai keke ya gai da babba daga kan sirdi. Gwamma ta kira shi ta ce, "Keke ba hauka ba ne. Duk babban da ka gani a hanya ka sauka ka durƙusa ka gaishe shi, kada ka tashi sai ya amsa." Washegari ta kama ran kasuwa. Hanya cike da tsofaffi, masu kora awaki, masu ɗauke da ƙwarya. Nomau ya taka sau uku ya sauka, ya taka sau biyu ya sauka. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi. Duk da haka da ya tsira, amma sai ya haɗu da Baba Na'Allah, wanda kunnensa ya toshe tun zamanin da ake sayen gyaɗa a kanti. Nomau ya durƙusa ya gaishe shi. Tsoho bai ji ba, ya wuce. Nomau ya ja keke ya sha gabansa ya sake durƙusawa. Tsoho ya kauce. Haka suka yi ta yi har kusa da kasuwa, Baba Na'Allah ya ɗauka mahaukaci ne ya ɗaga sanda ya ce, "Kai, tafi can!"

Nomau ya ce, "Alhamdu lillahi, ya amsa." Ya juya.

Malam Cindo bai ko dubi agogo ba. Rana ta isa shaida. Ya ɗaga yatsu. "Biyu."

Ran nan ba a ci tuwo da daɗi a gidan ba. Ɗanliti ya fara zagayawa lambu da baburinsa yana gai da Malam Cindo safe da yamma. Lantana, wadda ba ta cika magana ba, ta tare mijinta a zaure da safe ta riƙe kan keken.

"Malam, saura ɗaya. In ka hau keken nan kada ka sauka sai a ƙofar lambu. Ko wa ka gani."

Ya ce to. Bai yi nisa ba sai ga surukinsa, Malam Jatau, uban Lantana, tafe da carbi. Nomau ya shiga uku. Inna ta ce a durƙusa, Lantana ta ce kada a sauka. Sai ya rage gudu, ya zame takalmansa suka faɗi a hanya, ya sauko daga sirdi ya tsuguna a kan ƙarfen tsakiya, ya shiga zagaya dattijon.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Kai, lafiya?"

"Ina gajiya, Baba?"

Malam Jatau na juyawa don ya fuskance shi, shi kuma yana zagayawa. An tambayi iyali, an tambayi gona, an tambayi ciwon baya. A zagaye na tara jiri ya ɗebi Malam Jatau ya zauna daɓas a kan kunya. Nomau ya ce, "A huta lafiya, Baba," ya miƙe hanya. Ya isa da sauran minti goma, ba takalmi. Da yamma Malam Jatau ya kawo takalman da kansa. Ya ce shekararsa saba'in ba a taɓa gaishe shi har ya faɗi ba.

Wata rana na taɓa tayarsa na ji ta yi laushi. Na ce, "Kai, ba ka da hannu ne? Kullum kafin ka hau ka buga mata famfo goma." Ya ce to. Da safe goma. In zai taso daga lambu goma. In Gwamma ta aike shi sayen gishiri, goma a tafiya, goma a dawowa. Taya ta yi tauri kamar dutsen niƙa, yana tafe haƙoransa na karo. Ran na huɗu da sassafe yana kan bugu na bakwai taya ta fashe. Kaji suka haye katanga. Gwamma ta fito da zani a hannu tana salati, maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa aka harba. Nomau ya ƙarasa ukun da suka rage, sannan ya tsaya yana kallo. Da ma na taɓa gaya masa taya in ba iska ba a hawa, ba a kuma turawa, ƙarfen ke lanƙwashewa. Lantana kuma ta taɓa ce masa kada ya fita aiki ba keke. Sai ya yi gammo da rawanin marigayi ubansa, ya ɗora keken a ka, ya zura da gudu. Mutanen hanya sun ce ya wuce su yana kaɗa ƙararrawa daga sama. Ya faɗa ƙofar lambu Malam Cindo na ɗaga hannu zai duba agogo.

Malam Cindo ya dube shi, ya dubi keken. "Wa ya kawo wani a cikinku?"

"Yau ni na kawo shi, Malam."

Bakwai daidai. Ba a ɗaga yatsa ba.

Wata rana, saura kwana biyu wata ya cika, Malam Cindo ya ce lokacin yi wa dashen mangwaro aure ya yi. Auren nan, yanko ɗanyen reshe ake yi daga bishiya mai daɗin 'ya'ya a ɗaura a jikin ƙaramin dashe su haɗe. In reshen ya bushe kafin a ɗaura, aikin banza ne. Bishiyoyin da yake so suna wata gona a Rafin Kanya, mil ashirin da biyar daga dam. Ya ce dami biyu yake so, Nomau ya ɗauko ɗaya, Ɗanliti ɗaya, kowa ya dawo kafin la'asar. Kowa ya gane gwaji ne. Babur da keke.

Da yamma Gwamma ta turo mini shi in duba keken. Na sa sabon tub, na ɗaure kariya, na ɗaura masa famfo da sifana da kayan faci a ƙarƙashin sirdi. Ya tsuguna yana jiran bayani. Na tuna mai, na tuna famfo, na ga duk abin da na lissafa masa sai ya zama masifa. Na ce bari in taƙaita.

"Tafiya ce mai nisa. Kada ka ƙure shi. Ka kula da shi kamar yadda kake kula da jakinku."

Fuskarsa ta washe. Tun da aka sayar da jakin ban ga ya yi murmushi irin wannan ba. A nan ya kamata in tsorata.

Abin da ya faru a hanya daga bakin mutane na tattara shi. Ya isa Rafin Kanya da hantsi, aka yanka masa rassa ya ɗaura a kariya. Ɗanliti ya riga shi, ya ɗaure nasa da roba a gefen babur daidai kan salansa, ya yi gaba yana dariya. Nomau kuwa kafin ya taso ya ce dabba ba ta doguwar tafiya ba guzuri. Ya shiga fadama ya yanko ɗanyar ciyawa runguma guda, ya lulluɓe kariya da ita, rassa a ƙasa, ya ɗaure. Rijiyar farko ya tsaya ya ari guga, ya kai bakin tayar gaba ruwa, ya yi fito. Keke bai sha ba. Ya ce to ko wanka ka yi, ya sheƙa masa gugan daga kai har kariya. Matan rijiya suka riƙe ciki. Rijiya shida ce a hanyar, da rafi ɗaya, ba wadda ya tsallake. Da rana ta take tsaka ya ce ba mai imanin da zai kori dabba cikin wannan zafi. Ya shiga ƙarƙashin wata ɗorawa ya jingine shi, ya yi salla, ya zauna yana kore masa ƙuda har rana ta karya. A tudun Dutsen Gwanki sauka ya yi ya ja shi, yana cewa, "Sannu, saura kaɗan."

Ni ina lambu tun azahar, Gwamma ta hana ni zama. Ɗanliti ya dawo tun kafin in zo, duk da ya tsaya a kasuwar hanya ya ci tsire ya yi hira, babur a rana. Daminsa na ajiye a gindin rumfa, shi kuma yana kishingiɗe yana sakace. Aka kira la'asar, ba Nomau. Aka idar, ba Nomau. Sai da inuwa ta yi tsawo muka hango shi tafe a hankali, ciyawa na ɗigar ruwa a bayansa.

Malam Cindo ya ɗaga yatsu uku. Nomau ya dubi yatsun ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar, ina tunanin abin da zan gaya wa Gwamma.

"Sauke mini kayana ka tafi," in ji Malam Cindo.

Nomau ya kwance igiya ya yaye ciyawa. Malam Cindo ya zari reshe ɗaya zai jefa kan na Ɗanliti, sai ya tsaya. Ya juya shi. Ya sa farce ya kankare ɓawon. Kore shar, har ruwa na tsattsafowa, sanyi kamar yanzu aka yanko. Ya zari wani, haka. Ya taka zuwa rumfa ya zari na Ɗanliti ya lanƙwasa, ya karye ƙas. Ya tona tsakiyar damin, gefen da ya kwanta kan salansa har ya yi baƙi.

Ɗanliti ya tashi zaune. "Malam, ni fa na riga shi da awa biyar."

"Ka riga shi kawo mini itacen girki."

Ya juyo kan Nomau. "Kai, wa ya koya maka lulluɓe reshe da ɗanyar ciyawa kana jiƙawa?"

Nomau ya ce, "Wane reshe, Malam? Abincin keke ne. Tun safe ko ɗanɗanawa bai yi ba. Ina jin baƙunta ce."

Malam Cindo ya sake ɗaga yatsun nan uku. Ya dube su, ya lanƙwashe su ɗaya bayan ɗaya ya zuba hannun a aljihu.

"Gobe ka zo mu ɗaura. Aiki naka ne. Kuma daga yau, duk abin da ka ga..."

Na kama hannun rigarsa. "Malam, auna abin da za ka faɗa. Zai yi."

Ya haɗiye sauran. Ya ce, "Ƙarfe bakwai."

Dashen nan ɗari biyu da aka ɗaura, kaɗan ne ba su kama ba. Nomau na nan a lambun har yau, shi ake aika Rafin Kanya duk shekara, kuma ba a ba shi lokacin dawowa. Keken kuwa a turken jakin yake kwana, ɗaure da igiya, da ciyawa a gabansa. Kwanaki akuyar maƙwabta ta gano wurin, tana shigowa in Nomau ya tafi masallaci ta cinye tas. Ya zo wurina da murna ya ce, "Kawu, ya fara ci."

Na ce, "Madalla. Miƙo mini sifana."